DARASIN WATA: Daga Alƙawari Zuwa Doka

Darasinmu na wannan wata a kan Majalisa ne, da dokokin da gwamnati take kai mata.

Kowace sabuwar gwamnati da alƙawura take zuwa. Za ta ce za ta ƙara albashi. Za ta ce za ta taimaki ɗalibai. Za ta ce za ta gyara haraji. To amma yawancin waɗannan abubuwa ba sa yiwuwa da faɗar baki, sai an yi musu doka. Kuma Shugaban Ƙasa ba ya yin doka shi kaɗai. Yin doka aikin Majalisa ne.

Saboda haka idan ka ji an ce a rediyo gwamnati za ta yi kaza, kada ka yi saurin murna, kada kuma ka yi saurin fushi. Ka tambaya tukuna: a ina maganar ta tsaya? Wannan darasi zai koya maka yadda za ka gane. Za mu ɗauki misali daga dokokin da aka yi a Nijeriya daga 2023 zuwa 2025. A karanta a hankali, sashe bayan sashe.

SABABBIN KALMOMI

Shirin doka: takardar da ake so ta zama doka, amma ba ta zama ba tukuna. A rediyo ana ce da shi ƙudurin doka.

Kwamiti: mutane kaɗan da aka ware don su duba wata magana da kyau.

Zaman jin ra'ayi: ranar da kwamiti yake kiran jama'a su zo su faɗi abin da suke gani.

Sa hannu: amincewar Shugaban Ƙasa a rubuce.

Gazet: jaridar gwamnati wadda ake buga dokoki a cikinta.

1. SU WANE NE MAJALISA?

Majalisar Dokoki ta Tarayya tana Abuja. Zaure biyu ne da ita. Na ɗaya shi ne Majalisar Dattawa, mai mutum 109. Kowace jiha tana aika mutum 3, Abuja kuma mutum 1. Na biyu shi ne Majalisar Wakilai, mai mutum 360. Su an raba su ne bisa yawan jama'a, shi ya sa Jihar Kano take da 24.

Ana zaɓen su ne na shekara huɗu. Majalisa ta 10 ta fara zama ranar 13 ga Yuni, 2023. A ranar aka zaɓi Sanata Godswill Akpabio ya shugabanci Dattawa, da Sanata Barau Jibrin na Kano ta Arewa a matsayin mataimakinsa. Wakilai kuma suka zaɓi Tajudeen Abbas, wakilin Zariya.

Mai karatu, ko ina kake a ƙasar nan kana da sanata ɗaya da wakili ɗaya a Abuja. Da sunanka suke zaune a can.

2. HANYAR DA SHIRIN DOKA YAKE BI

Shirin doka kamar noma ne. Ba ranar da aka yi shuka ake zuba hatsi a rumbu ba. Ga matakan da yake bi:

Mataki na 1: A kai shi Majalisa. Shugaban Ƙasa yana iya aikawa da shi. Ɗan Majalisa ma yana iya kawo nasa.

Mataki na 2: Karatu na ɗaya. A nan sunansa kawai ake karantawa, ba a yin muhawara.

Mataki na 3: Karatu na biyu. A nan ne ake muhawara a kan amfaninsa da illarsa. In masu goyon baya sun fi yawa, sai ya wuce.

Mataki na 4: A miƙa shi ga kwamiti. Kwamiti zai duba shi layi bayan layi. Zai iya kiran zaman jin ra'ayi. Zai iya cire wani abu, ya ƙara wani.

Mataki na 5: Karatu na uku. A nan ne zauren yake yanke shawara ta ƙarshe.

Mataki na 6: Dole ɗaya zauren ma ya amince. In abin da Dattawa suka yarda da shi ya bambanta da na Wakilai, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita su.

Mataki na 7: Sa hannun Shugaban Ƙasa. Tsarin mulki ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, Majalisa tana iya sake amincewa da kashi biyu cikin uku a kowane zaure, shirin ya zama doka ba da hannunsa ba. An taɓa yin haka a shekarar 2000, zamanin Shugaba Obasanjo, a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta.

Mataki na 8: A buga dokar a gazet, a fara aiki da ita.

Yanzu sai mu ga yadda wasu shirye-shiryen doka suka bi wannan hanya.

3. WANDA YA YI SAURI: DOKAR ALBASHI

Daga 2019 zuwa 2024 mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne a wata. Bayan an cire tallafin man fetur a 2023, kaya suka yi tsada. Ƙungiyoyin ƙwadago suka nemi ƙari, har suka yi yajin aiki a watan Yuni na 2024. Daga bisani suka daidaita da gwamnati a kan Naira 70,000.

Ranar 23 ga Yuli, 2024, zauruka biyu suka amince da shirin dokar a rana ɗaya. Ranar 29 ga Yuli Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu. Dokar ta kuma ce a riƙa duba albashin bayan kowace shekara 3, ba 5 ba kamar da.

Me ya sa ya yi sauri haka? Domin an gama gardama a waje kafin a kai shi Majalisa.

Amma a lura. Ba kowace jiha ce ta fara biya nan take ba, wasu sun ɗauki watanni. Sannan dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan ɗan ƙwadagon gona da yaron shago ba su shiga ciki ba. Abin koyo a nan shi ne, in an ce an yi doka, ka tambaya wa ta shafa.

4. WANDA AKA KOMA AKA GYARA: RANCEN ƊALIBAI

A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar ba ɗaliban manyan makarantu rance marar ruwa. Mutane suka yi murna. Amma wata da watanni suka wuce ba wanda ya karɓi ko kwabo.

Dalili shi ne sharuɗɗan sun yi tsauri. Dokar ta ce sai kuɗin da iyayen ɗalibi suke samu a shekara bai kai Naira 500,000 ba. Ta kuma ce sai ya kawo mutum biyu su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauya. Ina ɗan manomi zai samo su?

Sai gwamnati ta koma Majalisa. Aka soke dokar, aka yi sabuwa. Ranar 3 ga Afrilu, 2024 aka sa mata hannu, aka cire waɗannan sharuɗɗa. A watan Mayu na 2024 hukumar NELFUND ta fara karɓar takardun masu nema. Ɗalibi zai fara biya ne shekara 2 bayan ya gama bautar ƙasa.

Abin koyo a nan shi ne, sa hannu ba shi ne ƙarshen magana ba. Doka tana iya kwanciya a takarda ba ta amfani kowa ba.

5. WANDA AKA SHA GARDAMA: DOKOKIN HARAJI

Dattawanmu sun san haraji da jangali, sun san ba ƙaramar magana ba ce. A watan Agusta na 2023 gwamnati ta ƙaddamar da kwamitin gyaran haraji a ƙarƙashin Mista Taiwo Oyedele. Ranar 3 ga Oktoba, 2024, Shugaban Ƙasa ya aika wa Majalisa shirin doka guda 4 da suka fito daga aikin kwamitin.

Inda aka fi gardama shi ne harajin sayen kaya, wanda ake kira VAT. Wannan haraji ne da kake biya ba ka sani ba. Yana cikin kuɗin katin waya, da sabulu, da kwanon rufi, da siminti. An fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin 100. A 2020 aka mai da shi kashi 7 da rabi. Gwamnatin tarayya ce take tattara shi, sannan a raba shi kowane wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi.

Shirin dokar ya zo da abu biyu da suka tayar da hankali. Na ɗaya, a ƙara harajin zuwa kashi 10, daga nan 12 da rabi, har ya kai 15 a shekarar 2030. Na biyu, a canja yadda ake rabo tsakanin jihohi. A da, kashi 20 ne ake rabawa bisa ga inda kuɗin ya fito. Shirin ya ce a mai da shi kashi 60.

Shugabannin Arewa suka ce za a cuci jihohinsu. Hujjarsu ita ce, manyan kamfanoni a Legas suke da hedkwata, kuma a can ake rubuta harajinsu. Sannan abin da Arewa ta fi samarwa abinci ne, shi kuwa ba a ɗora masa wannan haraji. Kwamitin gwamnati ya ce ba haka ba ne. Ya ce nufinsa a riƙa lissafi da inda aka yi amfani da kaya, ba inda hedkwata take ba.

Ga yadda abin ya gudana:

28 ga Oktoba, 2024: Gwamnonin Arewa 19 da sarakuna suka taru a Kaduna, a ƙarƙashin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe. Suka ƙi sabon rabon, suka nemi 'yan Majalisarsu su ƙi shi.

31 ga Oktoba, 2024: Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima yake shugabanta, ta ba da shawara a janye shirin a ƙara tuntuɓa. Shugaban Ƙasa ya ƙi janyewa. Ya ce duk mai gyara ya kai Majalisa.

Nuwamba 2024: Dattawa suka yi karatu na biyu. Sanata Ali Ndume da Gwamna Babagana Zulum na Borno suna cikin waɗanda suka fito fili suka yi suka. A zauren Wakilai kuwa sai aka dakatar da muhawara.

Janairu 2025: Gwamnonin ƙasar nan duka suka zauna da kwamitin, suka kawo rabon da suka yarda da shi. Suka kuma ce kada a ƙara harajin.

Fabrairu 2025: Wakilai suka yi karatu na biyu. Zauruka biyu suka yi zaman jin ra'ayi. Malamai da 'yan kasuwa da 'yan ƙwadago suka je suka yi magana.

Maris 2025: Wakilai suka amince.

Mayu 2025: Dattawa suka amince, aka daidaita bambancin da ke tsakani.

26 ga Yuni, 2025: Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

1 ga Janairu, 2026: ranar da aka sa don fara aiki da manyan dokokin biyu.

Tafiyar ta ci kusan wata 9. Ko bayan sa hannu ma ba a huta ba. A watan Disamba na 2025 wani wakili daga Jihar Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya tashi a zaure ya ce abin da aka buga a gazet ya saɓa da abin da suka amince da shi. Shugabannin Majalisa suka ba da umarni a sake buga dokokin.

6. ME AKA CANJA A HANYA?

Abin da ya shiga Majalisa ba shi ne ya fito ba. Ga bambancin:

Ba a ƙara harajin sayen kaya ba. An bar shi a kashi 7 da rabi.

A rabon jihohi, kashi 60 ɗin nan ya koma 30, kuma bisa ga inda aka yi amfani da kaya. Kashi 50 ana raba shi daidai wa daida. Kashi 20 kuma bisa yawan jama'a.

Shirin farko ya so a daina ba asusun TETFund kuɗi nan da 2030. Wannan asusu shi ne yake gina azuzuwa da ɗakunan karatu a jami'o'i da kwalejoji. Malaman jami'a suka yi kuka, aka bar shi.

Akwai kuma abin da gwamnati ta nema ta samu. A cikin kowace Naira 100 ta harajin sayen kaya, da tarayya tana ɗaukar 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sabuwar doka ta ce tarayya 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara ba a cire mata harajin kuɗin shiga. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi ma an yafe masa. Kayan abinci na yau da kullum, da magunguna, da littattafan makaranta, da takin zamani, da irin shuka, ba a ɗora musu harajin sayen kaya. Da ma can yawancinsu haka suke, sabuwar doka ta tabbatar.

To wa ya yi nasara? Gwamnati ta samu dokokinta huɗu, amma ba yadda ta rubuta su ba. Masu suka ba su kashe shirin ba, amma sun sa an gyara shi. Da kowa ya yi shiru, da wani abu dabam aka sa wa hannu.

7. WANDA YA DAƊE, DA WANDA YA MUTU

Ba kowane shirin doka ne yake kai wa gaci ba. In wa'adin Majalisa ya ƙare, duk shirin da ba a gama ba ya faɗi. Sai sabuwar Majalisa ta sake ɗauko shi.

Shirin dokar gyaran harkar man fetur ya fara shiga Majalisa a 2008, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya yi ta faɗuwa ana ɗagowa. Sai a watan Agusta na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa masa hannu. Shekara 13 ke nan.

Shirin dokar albarkatun ruwa kuwa bai yi sa'a ba. Gwamnatin Buhari ta so shi ƙwarai. Wasu jihohi suka ji tsoron tarayya za ta ƙwace ikon koguna da filayen bakin ruwa. An kai shi ba sau ɗaya ba. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi.

Akwai kuma maganganun da sai an gyara tsarin mulki, kamar kafa 'yan sandan jihohi. Wannan hanya ta fi tsawo. Bayan kashi biyu cikin uku a Abuja, sai Majalisun Jihohi 24 cikin 36 sun amince.

8. INA RUWAN MUTUMIN ƘAUYE?

Wani zai ce wannan maganar manya ce. Ba haka ba ne. Kuɗin da ake biyan malamin firamare na ƙauyenku, da na gyaran rijiyar burtsatse, da na ɗakin shan magani, yawancinsu daga rabon wata-wata suke fitowa. Harajin sayen kaya yana cikin wannan rabo. In rabon jiharku ya ragu, a ƙauye za a fara ji. In ya ƙaru, hakkinka ne ka tambayi kansila da shugaban ƙaramar hukuma inda ƙarin ya shiga.

A kuma gane cewa kuɗin da ake karɓa a kasuwa da kara da tasha, dokokin jiha da na ƙaramar hukuma ne suke tsara su. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan sabuwar doka, ka nemi rasit, ka karanta abin da aka rubuta a kai.

Daga yau, in ka ji labarin wata doka, ka yi tambaya huɗu:

Ta ɗaya: alƙawari ne, ko an kai shi Majalisa?

Ta biyu: a wane mataki yake?

Ta uku: me aka cire, me aka ƙara?

Ta huɗu: an fara aiki da ita? Wa ta shafa?

Da waɗannan tambayoyi ake auna gwamnati. Ba da yawan takardun da ta aika Majalisa ba, kuma ba da yawan hotunan sa hannu ba. Lokacin da ya fi dacewa a yi magana shi ne sa'ad da shiri yake hannun kwamiti. Ƙungiyar manoma, ko ta makiyaya, ko ta mata, tana iya rubuta wa wakilinta wasiƙa, kowa ya sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYOYI

1. Mutum nawa ne a Majalisar Dattawa? Nawa ne a ta Wakilai?

2. Mene ne bambancin shirin doka da doka?

3. Kwana nawa Shugaban Ƙasa yake da shi don ya sa hannu?

4. Me ya sa aka sake dokar rancen ɗalibai a 2024?

5. Faɗi abu biyu da aka canja a shirin dokokin haraji.

6. Me yake faruwa da shirin doka in wa'adin Majalisa ya ƙare ba a gama shi ba?

LISSAFI

1. Harajin kayan Naira 10,000 a kan kashi 7 da rabi shi ne Naira 750. Nawa zai zama a kan kashi 15?

2. Tara 10 da 55 da 35. Nawa ka samu?

3. Daga 2008 zuwa 2021 shekara nawa ne?

4. Debe 30,000 daga 70,000.

AIKIN GIDA

Rubuta sunan sanatanka da na wakilinka na tarayya da na ɗan Majalisar Jiharku. In ba ka sani ba, tambayi mai unguwa ko malamin aji, matambayi ba ya ɓata. Sannan ka rubuta wa ɗaya daga cikinsu wasiƙa mai layi biyar a kan abin da ya fi damun ƙauyenku. A kawo aji a karanta tare.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, amin.